Koɗaɗɗe Daban, Dusasshe Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan shafi domin in yi magana a kan wasu kalmomi biyu da na lura ana musanya su a rubuce-rubucen da ake bugawa, har da na jaridarku, kamar ma'anarsu ɗaya ce. Kalmomin su ne "koɗaɗɗe" da "dusasshe". Duk lokacin da marubuci ya so ya siffanta launin da ba ya ɗaukar ido, wato irin wanda ba za a ce masa ja wur ko kore shar ba, sai ya ɗauko wadda ta fara zuwa masa a baki daga cikin biyun, a wannan sakin layi ya ce koɗaɗɗen shuɗi, a na gaba ya ce dusasshen shuɗi, alhali kuwa riga ɗaya yake magana a kanta. Na san wani zai ce maganar ba ta taka kara ta karya ba, amma jarida makaranta ce ga masu karanta ta, kuma abin da aka saba gani a buge shi yara ke ɗauka a matsayin daidai.

Kunnen Bahaushe ya riga ya san bambancin tun kafin a zauna a yi masa bayani, kuma ana iya gwada hakan cikin sauƙi. Muna cewa fitila ta dushe, garwashi ya dushe, wata ya dushe a bayan gajimare, murya ta dushe saboda mura ko yawan ihu, kuma wanda idonsa ya yi rauni muna cewa yana gani dishi-dishi. Babu wanda zai ce fitila ta koɗe ko murya ta koɗe ba tare da an waiwayo an dube shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma muna cewa riga ta koɗe, labule ya koɗe, fentin mota ya koɗe, har mutumin da ciwo ya daɗe yana ci mukan ce ya rame ya koɗe. Idan aka jera waɗannan misalai aka dube su da kyau, za a ga cewa duk abin da muke cewa ya koɗe wani abu ne ya fita daga jikinsa, rini ne ko jini ko fenti, shi ya sa kamanninsa suka sauya. Abin da muke cewa ya dushe kuwa ƙarfin da yake isowa da shi gare mu ne ya ragu, ko dai domin hasken ya yi ƙasa, ko domin wani abu ya shiga tsakaninmu da shi.

Bari in fara da koɗewa, domin ita ce ta fi sauƙin kamawa da hannu. Rini da fenti suna da launi ne saboda ƙwayoyin sinadarin da ke cikinsu suna shanye wani sashe na hasken da ya sauka a kansu, su maido da sauran zuwa ido. Hasken rana, musamman wani sashe nasa da ido ba ya gani wanda ke bayan shunayya a jerin launukan bakan gizo, yana karya waɗannan ƙwayoyi sannu a hankali, haka ma sabulu mai kaifi da ruwan bilic da yawan cuɗawa a wurin wanki suna karya su ko su kwashe su. Da zarar sun karye sun daina shanye haske, sai asalin farin zaren ko takardar ya fara leƙowa. Wannan ne dalilin da ya sa koɗaɗɗen abu kullum wajen fari yake nufa, kuma shi ya sa ba ya koɗewa bai ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwance kalmasar tsohon labule ya ga yadda launin cikin kalmasar ke nan daram kamar ranar da aka saye shi, gefen da ke fuskantar taga kuwa ya yi fari-fari, ya ga koɗewa da idonsa. Hotunan talla da aka manna a waje su ma shaida ne: bayan 'yan watanni sai a ga duk sun koma shuɗi-shuɗi, domin tawadar ja da ta rawaya sun fi saurin mutuwa a rana, ta shuɗi ce ke jurewa. Masana'antun saƙa har ma'auni suke da shi na juriyar rini ga haske, daga 1 zuwa 8, inda ake gwada kaya da wasu ƙyallayen ulu shuɗɗa guda takwas waɗanda aka san saurin koɗewar kowannensu. Gidajen ajiye kayan tarihi kuwa suna rage fitilu ƙwarai a ɗakunan da aka ajiye tsofaffin tufafi da takardu, saboda sun san cewa abin da haske ya cinye ba ya dawowa.

Dushewa ba haka take ba. Ƙura ta kwanta a kan ganye, hayaƙi ya turnuƙe bango, hazo ya rufe dutsen da ke nesa, azurfa ta yi baƙi-baƙi saboda farar wutar da ke yawo a iska ta haɗu da fuskarta, duk waɗannan sun dushe, kuma a dukkansu launin asali yana nan a ƙarƙashi yana jiran ruwan sama ko tsumma ko iska. Dusasshen abu wajen toka da duhu yake nufa, ba wajen fari ba. Wani lokacin ma babu abin da ya taɓa jikin abin ko kaɗan. A cikin idon ɗan Adam akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske, iri ɗaya yana rarrabe launi amma sai da wadataccen haske yake aiki, ɗayan kuma yana gani a duhu-duhu amma bai san launi ba. Shi ya sa idan almuru ta yi jar fulawa takan koma kamar baƙa, ganyen da ke kusa da ita kuma ya fi ta fitowa, abin da wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Jan Purkinje ya lura da shi ya rubuta a farkon ƙarni na 19. Fulawar ba ta rasa komai ba, gobe da hantsi za a same ta ja wur. Ta dushe ne kawai, kuma wanda ya ce ta koɗe ya yi mata ƙage.

Akwai labarai biyu daga tarihin zane-zane na Turai da nake ganin sun raba gardamar fiye da duk bayanin da zan iya yi. Na farko shi ne rufin majami'ar Sistine da ke fadar Batikan a birnin Rum, wanda Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512. Ɗaruruwan shekaru ana kunna kyandirori a ƙarƙashinsa, hayaƙinsu yana hawa yana kwanciya, ga kuma wani irin danƙo da masu gyara na baya suka riƙa shafawa domin su farfaɗo da zanen, shi ma ya tsufa ya yi duhu. Har ta kai masu kallo da masana da yawa sun ɗauka cewa mutumin mai son launuka masu duhu ne, aka yi ta rubutu a kan haka. Da aka shiga aikin wanke zanen majami'ar, wanda aka fara a 1980 aka kammala a 1994, sai ga kore da rawaya da ruwan hoda da shuɗi sun fito shar, har wasu suka kasa yarda cewa aikinsa ne, wasu kuma suka yi ƙorafin cewa masu wankin sun wuce gona da iri sun tafi da inuwar da shi da kansa ya ƙara daga baya. Wannan gardama tasu ce, abin da ya shafe mu shi ne launin yana nan tun farko, rufe shi aka yi. Rufin ya dushe, kuma da aka wanke ya dawo.

Na biyu shi ne zanen ɗakin kwana da Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, ya yi a garin Arles na kudancin Faransa a 1888. A wasiƙar da ya rubuta wa ƙanensa Theo ya bayyana cewa bangon ɗakin shunayya ne mai haske. Wanda ya je ya kalli zanen a yau shuɗin bango zai gani. Abin da ya faru shi ne ya haɗa shuɗi da wani jan fenti domin ya sami shunayyar, jan kuwa irin wanda ba ya jure haske ne, sai ya mutu ya bar shuɗin shi kaɗai. Babu sabulu ko tsumma ko gwanin gyara da zai dawo da wannan ja, domin babu abin da za a cire a same shi a ƙarƙashi. Iyakar abin da masana suka iya shi ne su yi amfani da kwamfuta su nuna yadda suke jin zanen yake a ranar da ya bushe. Wannan shi ne koɗewa. Da marubuci zai ba da labarin waɗannan zane-zane biyu ya yi amfani da kalma ɗaya a kansu, da ya ɓatar da ainihin abin da ya raba su, wato ɗaya ɓoyewa ya yi, ɗaya kuwa tafiya ya yi. Saboda haka tambayar da mai tace rubutu zai yi wa kansa gajeriya ce: idan aka wanke abin nan, ko aka goge shi, ko aka ƙara masa haske, launin zai dawo? In zai dawo, ya dushe. In sai an sake rinawa ko an sake shafa fenti, ya koɗe.

Dushewar ma tana iya zama a idon mai kallo. Claude Monet na Faransa ya yi fama da yanar ido a ƙarshen rayuwarsa, launuka suka riƙa yi masa laka-laka, har aka yi masa aiki a 1923. Lambun da yake zanawa bai sauya ba.

To, sai dai inda maganar ta fi wuya, kuma inda na fi ganin marubutanmu suna tuntuɓe, shi ne launin da tun ranar da aka haɗa shi haka yake, babu ƙarfi, ba domin rana ta ci shi ko ƙura ta rufe shi ba. Kalmomin nan biyu dukkansu daga aikatau aka samo su, koɗe da dushe, kuma siffar da aka ƙera ta wannan hanya, kamar busasshe da karyayye da tsagagge, tana ɗauke da labari a cikinta: abin da can ba haka yake ba, wani abu ne ya same shi. Don haka idan aka rubuta cewa wani kamfani ya fito da sababbin yadudduka masu koɗaɗɗen launi, mai karatu zai fahimci cewa kayan sun kwana a rana ko rininsu marar kyau ne, alhali marubucin yabo ya yi nufi. Wannan kuskure yakan faru ne wajen fassara, inda harshen da ake fassarowa daga gare shi yake da kalma ta musamman ga launin da aka sassauta da gangan, sai mai fassara ya rasa abin da zai sa ya jefa koɗaɗɗe.

Masu haɗa fenti suna da hanyoyi biyu na sassauta launi, kuma sanin su yana taimakawa a nan. Ko dai su zuba masa fari, sai ya yi haske ya kusanci kamannin abin da ya koɗe, ko kuma su zuba masa ruwan toka ko ɗigon kishiyarsa, misali kore a cikin ja, sai ƙarfinsa ya karye ya nufi ruwan ƙasa, ya kusanci kamannin abin da ya dushe. Wani mai zane kuma malami ɗan Amurka, Albert Munsell, ya tsara wannan a 1905, inda ya nuna cewa kowane launi ana auna shi ta fuska uku daban-daban: jinsinsa, wato ja ne ko kore ko shuɗi, sai matsayinsa tsakanin fari da baƙi, sai kuma ƙarfinsa, wato nisansa daga ruwan toka. Har yanzu masana ƙasar noma suna amfani da jadawalinsa wajen bayyana launin ƙasa. Abin da ya burge ni shi ne kalmominmu biyu sun riga sun hau kan biyu daga cikin waɗannan fuskoki ba tare da wani ya tsara musu ba, koɗewa tana tafiya da kusantar fari, dushewa tana tafiya da kusantar toka. Hausa ta raba abin da masana suka raba, mu ne muke neman cakuɗa shi.

Kaki misali ne mai kyau na launin da aka haifa a dushe. Kalmar asalinta daga Farisanci ne ta bi ta Urdu, ma'anarta mai kamar ƙasa ko ƙura, kuma sojojin Ingila da ke Indiya ne suka fara sa tufafi masu wannan launi a shekarun 1840, domin kada a hango su daga nesa. Sabon kaki fil daga shago ba wanda zai ce ya koɗe, amma idan aka ce launinsa dusasshe ne ba a yi ƙarya ba, tun da an yi shi ne domin ya saje da ƙura, kada ya ɗauki ido. Idan kuwa soja ya shekara biyu yana wanke shi yana shanyawa har kafaɗun suka yi fari, a nan ne ya zama koɗaɗɗen kaki, kuma kowa ya ji an faɗi haka ya san tsohon kaya ake nufi. Daga nan nake ganin cewa "dusasshe" tana iya miƙewa ta ɗauki launin da aka sassauta da gangan, ko da yake tana ɗan ɗauke da ƙanshin raini, amma "koɗaɗɗe" ba ta miƙewa haka. Togaciya ɗaya da na sani ita ce wandon jins da ake koɗar da shi tun a masana'anta. Rinin baba a saman zare yake tsayawa, cikin zaren fari ne, don haka sukan wanke wandon tare da wasu duwatsu marasa nauyi domin su kankare rinin ya yi kama da tsoho. A nan kalmar ta zauna daidai ko da wandon sabo ne, domin da gaske an cire masa rini.

Dole in yarda da wani abu da mai gardama zai iya kawowa. Mutane sukan ce launin riga ya dushe alhali koɗewa ta yi, kuma ba a jin wani ɗaci a kunne. Gaskiya ne, kuma dalilin shi ne dushewa ta fi faɗi: duk abin da ya koɗe ƙarfin da yake isowa ido da shi ya ragu, don haka ta wata fuska ya dushe. Amma hanyar ba ta komawa baya, domin abubuwa da yawa suna dushewa ba tare da sun koɗe ba. Wanda ya sa "dusasshe" a gurbin "koɗaɗɗe" ya rage wa mai karatu bayani ne kawai, wanda ya yi akasin haka kuwa ya gaya masa abin da bai faru ba.

Ga launin da aka yi shi a sassauce, harshen bai bar mu hannu rabbana ba. Muna da ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan hoda, muna iya cewa kore marar ƙarfi ko ja mai duhu, muna kuma da maimaitawa irin ta ja-ja da kore-kore da toka-toka, ko da yake ita wannan ta fi nuna cewa launin ya karkata ne wajen ja ko kore bai cika ba. Wadda nake so a yi hattara da ita ita ce "mai haske", domin baki biyu gare ta: shuɗi mai haske yana iya zama wanda aka sirka da fari kamar sararin sama, yana kuma iya zama wanda ke walƙiya yana kashe ido, kuma waɗannan biyun nesa suke da juna. Idan jimlar ba ta fayyace ba, gara a ƙara kalma ɗaya ko biyu da a bar mai karatu yana canka.

Amfanin wannan bai tsaya ga masu son harshe ba. A ce an ba da cigiyar mota, aka rubuta cewa koɗaɗɗiyar ja ce. Mai karatu zai sa ido ga tsohuwar mota wadda rufinta da murfin injinta suka yi fari-fari fiye da ƙofofinta, domin nan rana ta fi duka. Idan kuwa aka ce dusasshiyar ja ce, zai nemi mota mai ja marar ƙyalli da ya karkata wajen ruwan ƙasa, wadda tana iya zama sabuwa. Motoci biyu ne daban, kuma kalma ɗaya ce ta raba su. Haka abin yake idan aka ɗauki kalmomin aka ɗora wa mutum. Idan kuka rubuta cewa tauraron ɗan wasa ko ɗan siyasa ya dushe, kun bar masa ƙofa, domin abin da ya dushe yana iya sake haskawa. Idan kuka ce mutum ya koɗe, kun shiga maganar jikinsa da halin da yake ciki, ciwo ko wahala ko tsufa, kuma wannan magana ce mai nauyi da ba a jefa ta domin ƙawata jimla.

Ina kuma roƙon masu buga rubutu su riƙa sa wa "koɗaɗɗe" ƙugiyoyinta uku, su kuma tuna cewa jam'in "dusasshe" shi ne "dusassu", kamar yadda "busasshe" ke komawa "busassu".

Wuri ɗaya da kalmomin biyu ke haɗuwa a kan abu guda, har sai an duba da kyau kafin a zaɓa, shi ne tsohon rubutu. Rasit ɗin da injin kanti ko na banki ke fitarwa ba tawada ake zuba masa ba, zafi ne ke sa wani sinadari da ke fuskar takardar ya yi baƙi, shi ya sa bayan watanni a aljihu ko a rana sai a tarar da takardar ta koma fara kamar ba a taɓa rubutu a kanta ba. Wannan ya koɗe. Tawadar da aka yi da baƙin hayaƙi ko gawayi kuwa rana ba ta iya karya ta, shi ya sa rubuce-rubucen mutanen Masar na dā suke nan baƙi ƙirin bayan shekaru fiye da 3000. Irin wannan rubutu idan ya yi wuyar karantawa, to takardar ce ta yi duhu, ko ƙura da dattin hannu suka hau shi, kuma wanda zai ba da rahoto a kansa a shafinku sai ya rubuta cewa ya dushe.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku